Ɗakin da Ake Auna Barci

Makon jiya ɗaya daga cikinku, ku ɗaliban da aka turo mana koyon aiki, ta tsaya a bakin ƙofa tana kallona ina liƙa wa wani dattijo waya a ka. Da na gama sai ta ce, "Anti Binta, ashe aikin naku ba wuya. Ki liƙa waya, ki danna kwamfuta, mutum ya yi barci, ke kuma ki zauna ki sha fanka." Ban tanka mata ba, don akwai mara lafiya a kwance. Yau babu kowa a layi, ku jawo kujeru.

Shekara ashirin da 'yan kai ke nan ina wannan ɗaki na ƙarshen baranda. Mutanen gari suna ce masa ɗakin hoton ƙwaƙwalwa, amma ba hoto muke ɗauka ba. Ƙwaƙwalwa tana fitar da wata 'yar wuta mara ƙarfi, wayoyin nan su ɗauko ta daga fatar kai, na'ura ta zana ta layi-layi. Zanen mai ido biyu daban, na mai gyangyaɗi daban, na wanda barcinsa ya yi nisa daban, na mai mafarki ma daban. Yawancin waɗanda ake turo mana masu farfaɗiya ne. Sauran kuwa barci ne ya kawo su: wani ya yi masa yawa, wani ya ƙi zuwa masa, wani yana zuwa amma ba a lokacin da yake zuwa wa sauran mutane ba.

Kan da na fara aunawa na wani ɗan dako ne, kuma sau biyar na auna shi. Wanda ya koya mini aikin Ba Modu ne, wani dattijon Kanuri da yake zuwa a kan keke daga unguwar Jiddari Polo nan Maiduguri, ya ɗaure ƙafar wandonsa da roba. Ranar farko ya miƙo mini tef irin na tela da jan fensir, ya ce, "Fero," wato yarinya a harshensu, "waya ba taki ba ce tukuna. Kai za ki fara koya." Ana aunawa daga karan hanci zuwa ƙullutun ƙeya, daga kunne zuwa kunne, a rarraba, a ɗiga alama wuri ashirin da ɗaya. Duk sanda na gama da ɗan dakon nan, sai Ba Modu ya ɗora yatsa a kan alama guda, ya girgiza kai, ya goge su duka da auduga. A karo na biyar mutumin ya ce, "Baba, ni dai in ba aski za a yi mini ba, a sallame ni." Wata uku na yi ina awo kafin a bar ni in taɓa waya. In alama ta kauce da faɗin yatsa, likita zai karanta labarin wani gefen kai da sunan wani gefen, kuma a kan abin da ya karanta zai rubuta magani.

Lokacin babu kwamfuta. Na'urar takarda ce, mai alƙaluma a jere, kowanne da tawadarsa, takarda tana fita tana ninke kanta a cikin kwando. Ni ke wanke bakin alƙaluman da sirinji kowace safiya, hannuna bai rabu da shuɗi ba shekara biyu. Ba Modu ba ya ko kallon takardar. Yakan juya mata baya ya saurara. Alƙaluman suna ƙarar-ƙarar da sauri in mutum idonsa biyu, in barci ya fara ɗaukarsa sai ƙarar ta ja, ta yi nauyi. Sai ya ɗaga yatsa ya ce a hankali, "Ya tafi." In na leƙa takarda sai in ga haka ne.

Shi ya koya mini abin da ya fi wuya a ɗakin nan, wato sa baƙo ya yi barci da rana tsaka, a gadon asibiti, kansa cike da waya, zuciyarsa cike da tsoro. Ba ya taɓa ce wa mutum "yi barci". Ya ce duk wanda ka ce wa haka ka tashe shi ke nan. Sai ya saki labule, ya zauna a bayan kan mutum, ya kama ba shi labarin farashin gero da na wake, da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Ban taɓa ganin wanda ya kai ƙarshen labarin waken ba.

Wata mata 'yar Shuwa ita ta nuna wa Ba Modu cewa ni ma akwai abin da na zo da shi daga gida. Ta zo daga wani ƙauye mai nisa, an yi mata sabon kitso ƙanana-ƙanana don za ta shigo birni, an shafe shi da mai har yana ƙyalli. Man da muke liƙa waya da shi ba ya kama fatar da ke da mai. Ba Modu ya ce ta koma ta dawo wani makon. Mijinta ya ce motar garinsu sau ɗaya take zuwa a mako, kuma farfaɗiya tana kayar da matar kusa da murhu. To ni mahaifiyata kitso take yi a Moduganari, tun da mahaifina ya kawo mu daga Kano yana sayar da yadi, a gefen tabarmarta na girma. Na ari tsinke da mataji, na zaunar da matar a bakin famfo na bayan ɗaki, na tsefe kan nan tas, na wanke shi da sabulu sau uku, muka jira ya bushe. Da aka gama gwaji ta ƙi fita da kai a tsefe, sai da na yi mata manyan kalba guda shida. Awa huɗu aikin ya ci. Tun daga ranar duk macen da aka rubuta wa gwaji ni nake gaya mata da bakina: ki tsefe, ki wanke, kada ki shafa komai, ko turaren kai. Takardar bayanin da ake ba su ba ta isa ba, da yawa ba sa karanta ta.

Yagana kuwa ɗaliba ce a makarantar kwana, shekararta goma sha biyar, uwarta ta kawo ta daga Bolori. Ƙarar da makaranta ta kawo ita ce, da an yi sallar magariba an zauna karatun yamma sai ta kife kai a kan littafi, ko an tashe ta sai ta koma. Can kuma kafin asuba da nisa sai a gan ta zaune a kan gado idonta tar. An yi mata bulala, an sa ta noma, har wasu ɗalibai sun daina kwana kusa da ita, wai da aljanu take hira. Aka ce in ba a kawo takardar asibiti ba za a mayar da ita gida.

Na yi gwajin, zanen ya fito lafiya lau. Barcinta mai kyau ne, babu alamar farfaɗiya. Ina goge mata man liƙi a kai ina hira da uwar, Ya Falmata, sai na tambaye ta ko tun yaushe yarinyar take haka.

Ta ce, "Tun tana goye. Ai ni ban ga abin kawo ta asibiti ba, makaranta ce ta matsa. Ni ma haka nake. Isha'i da ƙyar nake kai ta."

Na ce, "Ke ma kina tashi da wuri haka?"

Ta ce, "Kafin zakara. Ƙosaina ma shi ya sa yake riga na kowa fita a layinmu. Babanmu kuwa ladan ne, shekara da shekaru bai mallaki agogo ba, bai taɓa makara ba. Cikin mu bakwai, mu huɗu mun ɗauko shi, uku sun ɗauko innarmu, su sai rana ta fito."

Na ajiye audugar na je na kira likita, na ce ya zo ya ji da kunnensa. Ya zauna ya ɗauki takarda yana zana dangin, kaka a sama, 'ya'ya a ƙasa, jikoki a ƙarƙashinsu, yana yi wa masu barcin wuri alama. Alamar ta sauko tun daga ladan har kan Yagana ba ta tsallake tsara ko ɗaya ba. Ya ba su takarda su riƙa rubuta lokacin kwanciya da na tashi har mako biyu. Da suka dawo, lokutan kamar an ja su da zare.

Abin da ya gaya wa Ya Falmata ranar shi nake gaya wa mutane har yau. Ya ce kowane jiki akwai agogo a cikinsa, shi ke gaya masa lokacin barci da na farkawa, ko da an rufe mutum a ɗakin da babu taga. Hasken rana yana daidaita shi kullum, amma asalin saurinsa gadonsa ake yi, kamar tsawo ko hasken fata. Na yawancin mutane yana tafiya kusa da juna. Akwai gidajen da nasu yake gaba da na kowa da awa uku ko huɗu, akwai kuma waɗanda nasu yake baya, su ne samarin nan da barci ba ya ɗaukarsu da wuri, asuba kuma ta zama musu yaƙi, iyaye su ce lalaci ne. Hasken waya da daddare yana ƙara ja musu shi baya, amma ba kullum shi ne mafarin ba.

Ya Falmata ta ce, "To maganin fa, Likita?"

Ya ce, "Ba ta da ciwo. A bar ta ta yi karatunta lokacin da kanta yake a buɗe."

Ya rubuta wa makaranta. Aka yafe mata karatun yamma, aka bar mata fitila a ɗakin karatu da asuba. Ta gama makarantar. Daga wannan aikin na koyi cewa rabin gwajin a hira yake. Na'ura ta ce lafiya lau, ta yi shiru. Uwar ce ta faɗi sauran, ita ma don hannuna yana kan 'yarta ne muna taɗi.

Yanzu sai shekarar da ba na son ku manta. Ita ce shekarar da aka kayar da turakun da ke kawo wa gari wuta, Maiduguri ta zauna wata da watanni babu lantarki. Ba Modu ya riga ya yi ritaya, ni kaɗai ce a ɗakin. Janareta ake kunna wa ɓangarenmu awa biyu da safe, daga nan sai a mayar da ita inda ake tiyata. Zafi ya sa man liƙi yana narkewa, gumi yana ɓata zane, mutum ya kwanta ba fanka ya yi ta juyi.

A cikin wannan hali aka turo mini Malam Kyari, direban bas ne da ke jigila tsakanin nan da Kano. Fasinjoji sun kai ƙara wurin mai motar cewa yana gyangyaɗi a kan sitiyari, mai motar ya ce ba zai sake ba shi makulli ba sai da takardar likita. Gwajin irin wannan ƙa'idarsa a fili take. Mutum ya yi barcinsa cikakke a daren jiya, kada ya sha shayi, kada ya ci goro. Ya zo da safe a liƙa masa waya a ka, da gefen ido, da haɓa. A kwantar da shi minti ashirin, a tashe shi, bayan awa biyu a sake, haka har sau huɗu ko biyar, a ga cikin minti nawa barci yake ɗaukarsa kowane karo. Yini guda ake yi.

Ni kuwa awa biyu gare ni, da mutum shida a kan benci. Ina auna kansa yana ce mini, "Hajiya, 'ya'yana bakwai. Ni ban iya komai ba sai tuƙi. Gajiya ce kawai, hanyar ce ta lalace." Da yana magana na ga haƙoransa jajur da sabon goro. Na gani da idona, ban tambaye shi ba. Na kwantar da shi sau ɗaya. Ya yi minti ashirin idonsa a rufe, zanen yana nuna mai ido biyu. Na cire waya, na rubuta cewa barci bai ɗauke shi ba. Ban rubuta cewa sau ɗaya na gwada ba. Likita ya karanta abin da na ba shi, ya sa hannu, aka mayar wa Malam Kyari da makulli.

Bayan mako uku, da rana tsaka, a miƙaƙƙiyar hanya kafin a kai Damaturu, motarsa ta saki kwalta ta faɗa rami. Babu abin da ya gitta masa, taya ba ta fashe ba. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Shi ya karye a kafaɗa, wasu suka ƙuƙƙuje, wata mai sayar da bandar kifi, Hajja Fanna, ƙugunta ya karye. Asibitinmu aka kawo su. A bakin wata nas na ji sunan direban.

Ranar Asabar na hau keke napep na tafi Jiddari Polo. Na tarar da Ba Modu a gindin dalbejiya a ƙofar gidansa. Muka gaisa, na ba shi labari tun daga farko. Bai katse ni ba. Da na gama ya ce, "Sau nawa kika kwantar da shi?"

Na ce, "Sau ɗaya, Baba."

"Kin rubuta sau ɗaya?"

"Ban rubuta ba."

Ya ce, "Rashin wuta ba laifinki ba ne, fero. Da kin rubuta 'ban iya gamawa ba', da kin yi aikinki. Ranar Litinin ki je ki gaya wa likita da bakinki kafin ya ji a wani wuri. Sannan ki nemi batirin babbar mota guda biyu da inbata mai juya wutarsu ta zama irin ta lantarki. Na'urar nan ba ta cin wuta kamar yadda kike tsammani."

Haka na yi. Likita ya saurare ni, ya ce in rubuta abin da ya faru in sa hannu, takardar tana cikin fayil ɗina har gobe. Ya nemo mana batiran. Bayan kwana goma, da aka janye wa Malam Kyari magungunan ciwo masu sa barci, aka gangaro da shi daga ɗakin 'yan karaya, hannu a rataye. Yayarsa, Ya Kaltum, ita ke jinyarsa, na sa ta tsare shi tun daren jiya, ba shayi ba goro. Ƙarfe takwas na kwantar da shi, cikin minti biyu ya tafi. Ƙarfe goma, minti ɗaya da rabi. Sha biyu da ƙarfe biyu ma haka. Kuma sau uku a ciki, maimakon barcin ya bi matakansa a hankali, sai ya zarce kai tsaye cikin mafarki, idanunsa suna yawo a ƙarƙashin fata, haɓarsa ta saki. Ba a ganin haka a wurin mai gajiya kawai.

Tsakanin kwanciya da kwanciya na zauna da Ya Kaltum. Ta ce tun yana saurayi in aka ba shi dariya sosai sai gwiwoyinsa su saki, ya durƙushe, yana jin kowa amma ba ya iya motsi. Ta ce akwai ƙanin babansu da yake barci da loma a hannu, aka yi ta kai shi wurin masu ruƙiyya har ya rasu. Goro da shayi mai kauri kuwa, ta ce shekara goma da su ƙanin nata yake riƙe ido.

Likita ya zo da yamma ya yi musu bayani. Ya ce ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wani sinadari da ke riƙe mutum a farke shi ne ya yi ƙaranci, don haka barci yake afko masa ba sallama. Ba lalaci ba ne, ba iska ba ce. Malam Kyari ya ce, "'Ya'yana fa? Na ba su?" Likita ya ce wannan ba ya bin jini kai tsaye. Abin da ake gada shi ne sauƙin kamuwa, kuma mafi yawan masu ɗauke da shi har su tsufa ba ya taɓa su. A dai sa ido, in an ga yaro yana yawan barcin rana a kawo shi. Ya ce akwai magani mai rage abin, da ɗan barcin rana a kan lokaci, amma tuƙin fasinja ya ƙare.

Da likita ya fita, ina cire masa waya, ya ce, "Hajiya, ba ke kika ce lafiyata lau ba?"

Na ce, "Ni na ce. Ban gama gwajin ba na rubuta. Na ga goro a bakinka ban tambaya ba."

Ya ce, "Ni ma na san abin da ya sa na ci shi."

Na gama goge masa kai. Yanzu yana tasha, shi ke rubuta sunayen fasinja, yana da benci a bayan rumfa inda yake kwanciya bayan azahar.

Hajja Fanna ta yi wata huɗu a kwance. Ƙashin ya haɗe amma ƙafar ta gajarce, zuwa Kano da kifi ya gagare ta, 'yarta ce ta karɓi sana'ar. Duk Talata takan zo gashin ƙashi, kuma hanyar ɗakin gashin ta gaban ƙofar nan ta bi. Tana tafe da sanda, in ta gan ni ta ce, "Sannu da aiki, 'yata," in amsa. Ba ta san ko ni wace ce ba. Mun yi wajen wata biyu a haka.

Wata Talata na fito na tare ta, na ce ta zauna a bencin nan ta huta. Na gaya mata cewa direban da ya kayar da su ya biyo ta ɗakin nan kafin hatsarin, ni na gwada shi, na gajarta gwajin, da takardata aka mayar masa da makulli. Ta daɗe tana kallon ƙofar ɗakin, da gadon da ake hangowa daga waje.

Ta ce, "Yanzu yana tuƙi?"

Na ce, "A'a, Hajja. Ya daina."

Ta ce, "Wanda ya zo bayansa fa, kin gama nasa?"

Na ce, "Na gama."

Ta gyaɗa kai. Sannan ta miƙo mini sandar ta ce, "Riƙe mini nan in gyara mayafina, kada layi ya wuce ni."

Na riƙe mata. Ta gyara, ta karɓi abarta, ta miƙe da ƙyar, ta nufi ɗakin gashi.